Ku Tambayi Lauya: Me ya haɗa ɗalibin shari'a da ilimin manɗiƙi?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato darasin manɗiƙi, ilimin auna ko hujja ta kai ga abin da aka ce ta tabbatar, da ake ba ɗaliban shari'a a shekarunsu na farko a jami'a. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili. Masu tambaya a kan gado da rikicin filaye su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabon malami ne a tsangayar shari'a. An ba ni kwas ɗin manɗiƙi na 'yan aji ɗaya, na bi littafi sau da ƙafa: alamomin P da Q da ake sawa a gurbin jimloli, jadawalin gaskiya da ƙarya, da ƙa'idojin fitar da natija, wato sakamakon hujja. Da aka yi gwaji mafi yawansu suka faɗi. Waɗanda suka ci kuma na ba su sashe ɗaya na doka su warware mini, suka kasa. Wani babban lauya ya ce in daina wahalar da yaran mutane, shari'a ba lissafi ba ce. Shin gaskiyarsa ne? (Wani malami, Tudun Wada, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a aikin da ka kama.

Rabin maganar babban lauyan nan gaskiya ce, kuma ba shi ya fara faɗinta ba. Tun 1881 wani masanin shari'a na Amurka, Oliver Wendell Holmes, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙolinsu, ya rubuta cewa gogewa ce ta raya shari'a, ba manɗiƙi ba. Lauyoyi na son jawo wannan magana. Abin da mutumin yake nufi shi ne ba a ɗaki aka zauna aka ciro dokoki ɗaya daga cikin ɗaya ba, buƙatun mutane da al'adunsu ne suka haife su. Bai ce lauya ya miƙe gaban alƙali ya jero dalilan da ba su kai ga abin da yake roƙo ba. Ni da nake shiga kotunan Bauchi na sha ganin shari'ar da lauya yake da gaskiya a hannunsa, amma ya kasa ɗaure dalilinsa da buƙatarsa, alƙali ya yi ta tambayarsa "to, sai me?" har zama ya ƙare. Wanda ya ɗauki lauyan nan shi ya biya kuɗin wannan rauni. Saboda haka kada ka daina koyar da darasin. Abin da za ka sauya shi ne ƙofar da kake shigo da yara ta cikinta.

Akwai wani gwaji da wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Peter Wason, ya fito da shi a 1966. Za a ajiye kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Abin da ake gani a sama shi ne A, K, 4, 7. Sai a ce ga ƙa'ida: duk katin da ke da wasali, lambar da ke bayansa mai rabuwa gida biyu daidai ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a gane ko an karya ƙa'idar? Yawancin mutane sukan ce A da 4. Amsar ita ce A da 7, kuma waɗanda suka dace da ita a gwajin farko ba su kai ɗaya cikin goma ba, alhali ɗaliban jami'a ne. Daga baya, a 1982, wasu masu bincike suka maimaita gwajin, amma suka mai da ƙa'idar dokar da mutane suka sani a rayuwarsu, sai mafi yawa suka ci.

Ka gwada wannan a ajinka mako mai zuwa. Ka fara ba su katunan, ka bar su su faɗi. Sannan ka ce musu: doka ta ce duk mai tuƙa mota sai ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu a hanyar Dukku. Na farko yana tuƙi, ba mu san shekarunsa ba. Na biyu yana tafiya a ƙasa. Na uku shekararsa 30, na huɗu 15, ba mu san abin da suke yi ba. Wa jami'in hanya zai bincika? Kafin ka rufe baki za su ce mai tuƙin da ɗan shekara 15. Babu wanda zai ce a tare ɗan shekara 30, domin ko yana tuƙi ko ba ya yi bai saɓa komai ba. To ka nuna musu cewa ɗan shekara 30 shi ne katin 4 da suka nace sai an juya, ɗan shekara 15 kuma shi ne katin 7 da suka ƙyale. Tambaya ɗaya ce. Ranar da yaro ya ga haka da idonsa, ya gane cewa ƙa'idar tana cikin kansa tun da can, alamomin nan hanya ce kawai ta rubuta ta a gajarce.

Ni da sashe na 286 na dokar Final Kod nake buɗe zango, wato dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960. Wasu jihohi sun sabunta tasu, lambar sashe na iya canjawa, ka duba wadda ke aiki a inda kake. Sashen ya bayyana sata, kuma in ka kwance shi za ka sami sharuɗɗa biyar: dukiyar mai ɗaukuwa ce, tana hannun wani, an motsa ta daga inda take, ba da yardar mai riƙe da ita ba, kuma da niyyar ɗauke ta ta hanyar rashin gaskiya. Nakan sa su rubuta kowane sharaɗi a layinsa. Sai in kawo labari: mutum ya fito daga Kasuwar Wunti, ya ga babur irin nasa sak, makullinsa ya tayar da shi, ya hau ya tafi gida yana ganin nasa ne. Aji yakan rabu biyu. Masu cewa ɓarawo ne sukan ce ai sharuɗɗa huɗu sun cika, huɗu cikin biyar kuwa rinjaye ne. Nan ake yin darasin. Kalmar da ta ɗaure sharuɗɗan nan "da" ce, kuma in ɗaya ya faɗi duk ginin ya faɗi. Mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da biyar ɗin cif, lauya mai kare wanda ake tuhuma kuwa ɗaya kawai yake buƙatar ya rusa. Wannan ita ce ƙa'idar da littafinka ya jingina wa De Morgan, masanin lissafin Ingila na ƙarni na 19. Bayan sun yi gardamar babur ta ishe su, sai in zana jadawalin a allo, su da kansu suke cika shi.

Haka za ka bi da "ko". Dokar Fassarar Dokoki ta 1964, a sashe na 18(3), ta ce a ɗauki wannan kalma a matsayin mai rarrabewa a duk inda ta zo cikin doka. Ka ɗauko sashen da ya ce hukunci ɗauri ne ko tara ko duka biyun, ka tambaye su me ya sa mai rubuta doka ya wahalar da kansa ya ƙara "ko duka biyun". Daga nan za su gano da kansu cewa "ko" iri biyu ce, mai yarda a haɗa da mai hana haɗawa.

Inda na fi daɗewa shi ne bambancin sharaɗin da ba makawa sai da shi da sharaɗin da shi kaɗai ya wadatar. A nan ɗalibai suke zubewa, a nan ma lauyoyi suke zubewa. Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta. Tambaye su: wanda ya cika waɗannan huɗu, shi ke nan babu mai hana shi takara? Da yawa za su ce e. Sai ka buɗe musu sashe na 137, inda aka jero abubuwan da ke soke cancantar mutum ko da ya cika na 131, kamar wanda aka riga aka zaɓa sau biyu. Rashin cika sharaɗi yana fitar da kai, amma cika shi bai isa ya shigar da kai ba. Yaron da wannan ya zauna masa a aji ɗaya zai ci moriyarsa a dokar kwangila, a dokar filaye, har Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bagauda aka tura shi ko Yola.

Kada ka manta da "duk" da "wasu" da "babu". "Ba duk magada ne suka sa hannu ba" daban, "duk magada ba su sa hannu ba" daban, kuma an sha yin shekaru a kotu a kan irin wannan tazara. Ka koya musu kuma cewa in shaida ɗaya ya ce motar ja ce, ɗaya ya ce baƙa ce, ba zai yiwu dukansu su yi gaskiya ba, amma zai yiwu dukansu su yi kuskure. Ƙaryata ɗaya bai gaskata ɗayan ba. Mai yi wa shaida tambayoyin ƙure yana buƙatar wannan kullum.

Alamomin P da Q ka jinkirta su sai zango ya yi nisa, kuma ka rage su. Dogayen hujjojin alamomi masu layi ashirin suna da amfani ga ɗalibin lissafi da na kwamfuta, amma ban taɓa ganin inda lauya ya buƙace su ba. Ka sa lokacin a kan hukuncin kotu na gaske: ka raba musu shafi biyu na hukunci, su fito da mukaddima babba, wato ƙa'idar doka da alƙali ya dogara da ita, da mukaddima ƙarama, wato abin da ya tabbata ya faru, da natija. Sau da yawa za su tarar akwai mukaddimar da alƙali bai furta ba, ya ɗauka kowa ya yarda da ita. Gano wannan ɓoyayyiyar mukaddima shi ne rabin aikin ɗaukaka ƙara.

Abu na ƙarshe, kuma na san wasu abokan aiki ba za su so shi ba: in ka raba su rukuni-rukuni, ka bar su su yi gardamar da Hausa ko Fulatanci kafin su rubuta da Turanci. Yawancin yaran da muke cewa ba su da kan manɗiƙi, Turancin doka ne da dogayen togace-togacensa ya tare musu hanya. Yarinyar da ta yi shiru a aji za ka ji ta kwance hujja tsaf in an bar ta da harshen gidansu. Jarrabawa dai da Turanci za a yi, amma sai an fahimci abu ake iya rubuta shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An ba mu tambaya a gwaji: an sace babur a Yelwa, bayan kwana biyu aka same shi a gidan wani. Na rubuta cewa ɓarawo yakan kasance da kayan sata a hannunsa, an sami kayan a hannun wannan, saboda haka shi ne ɓarawo. Malaminmu ya ja layi a kai ya ba ni maki kaɗan. Ni kuwa na karanta cewa doka ta yarda kotu ta ɗauka haka. Ina laifina? (Wata ɗalibar aji ɗaya, unguwar Jahun, Bauchi)

AMSA: 'Yata, karatun da kika yi daidai ne, kuma malaminki ma yana da gaskiya. Bari mu bi a hankali.

Dubi ginin hujjarki. In mutum ɓarawo ne, za a ga kayan a hannunsa. An ga kayan a hannunsa. Don haka ɓarawo ne. Yanzu sa wasu kalmomi a gurbin waɗannan: in mutum yana Azare, yana jihar Bauchi. Wane yana jihar Bauchi. Don haka yana Azare. Kin ga bai bi ba, domin yana iya kasancewa a Ningi ko Toro. Babur ɗin ma yana iya zuwa gidan mutumin ta hanyoyi da yawa: ya saya bai sani ba, an ba shi ajiya, an kawo masa gyara, ko ɗansa ne ya shigo da shi. Kin tafi daga abin da ke biyo baya kin koma kan sharaɗi, hanyar kuwa ba ta komawa baya.

Abin da kika karanta yana sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011. Ki sake karanta shi da fensir a hannu. Cewa ya yi kotu tana iya ɗauka, bai ce dole ta ɗauka ba. Ya ce wanda aka samu da kayan jim kaɗan bayan satar, don haka kwana biyu da shekara biyu ba ɗaya ba ne. Ya ce ko dai shi ne ɓarawon, ko kuma ya karɓi kayan yana sane na sata ne, laifi biyu ke nan mabambanta, ke kuwa kin zaɓi ɗaya ba tare da dalili ba. Sannan ya rufe da togiya: sai fa in ya iya bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Da samun kaya a hannu yana tabbatar da sata da kansa, da ba a buƙaci wannan sashe ba sam. An rubuta shi ne saboda hujjar ba ta kai ba, sai doka ta ba kotu izinin yin zato mai ƙarfi wanda bayani zai iya rushewa. A sama da wannan duka akwai sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki, da ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, da sashe na 135 na Dokar Shaida da ya ce laifi sai an tabbatar da shi ba tare da shakka mai ma'ana ba.

Da kin rubuta cewa samun babur a gidansa kwana biyu bayan sata ya ba kotu damar zaton ko shi ya sata ko ya karɓa da sani, kuma yanzu ana sauraron bayaninsa, da kin cinye makin. Ina so ki ɗauki wannan da muhimmanci fiye da maki. Wata rana mutum zai tsaya a gabanki, wataƙila ke ce mai gabatar da ƙara ko majistare, kuma tsakanin "shi ne" da "ana iya zaton shi ne" akwai shekarun rayuwarsa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni almajiri ne, ina karantar da littattafai a zaure. Ɗana yana karatun lauya, ya zo hutu da littafin manɗiƙi. Na taɓa ji daga malamanmu cewa wasu magabata sun haramta wannan ilimi. Hankalina bai kwanta ba. Me za ka ce? (Wani uba, Azare)

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya. Fatawa taku ce, ba tawa ba. Abin da zan iya shi ne in ajiye a gaban Malam abin da aka yi a kan mas'alar, da abin da ainihi ake koya wa yaron.

Abin da Malam ya ji haka yake. Ibnus Salah da Imamu Nawawi sun hana shi. Ibn Taimiyya ya rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi, yana ganin mai kaifin basira ba ya buƙatarsa, dolo kuma ba ya amfana da shi. Jalaluddin Suyuɗi ma ya yi rubutu a kan haramcinsa. A ɗaya ɓangaren akwai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihi, Almustasfa, da gabatarwa a kan manɗiƙi, har ya ce wanda bai san shi ba ba a amince wa iliminsa. Shehu Magili kuma, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya aika wa Suyuɗi baitoci yana kare wannan ilimi, Suyuɗi ya mayar masa da amsa a waƙe. Malaman ƙasar nan sun san wannan muhawara tun fiye da shekara 500.

Akwai kuma wanda Malam ya fi ni saninsa. Shehu Abdurrahman Al'akhdari, mai littafin Ahalari da Malam yake biya wa yara, shi ne kuma mai Sullam, waƙar manɗiƙi da ya tsara a ƙarni na 16 yana saurayi. A cikinta ya kawo saɓanin da kansa, ya ambaci waɗanda suka hana da waɗanda suka ce ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da halaccinsa ga mai cikakken hankali wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Abin da ya fi tsorata masu hanawa shi ne manɗiƙin da ke cakuɗe da maganganun falsafar Girka a kan Ubangiji da halitta. Abin da ake ba ɗan Malam a tsangayar shari'a ƙa'idojin auna hujja ne: wannan natija ta fito daga waɗannan dalilai ko ba ta fito ba.

Malam ya tuna shaidar da aka bayar a Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28. In rigar Annabi Yusuf ta tsage ta gaba, matar da ta zarge shi ta yi gaskiya. In ta baya ta tsage, ita ta yi ƙarya, shi ne mai gaskiya. Aka duba, aka ga ta baya ne, aka yanke. An kafa sharaɗi, an duba abin da ya tabbata, natija ta fito. Irin wannan tsari ne yaron yake koyo.

Kuma Malam yana da abin da zai ba shi wanda littafin da ya zo da shi bai cika kawowa ba. Ƙiyasin malaman usulu, mai asali da reshe da illa (wato dalilin da aka gina hukunci a kansa) da hukunci, ya fi kusa da aikin lauya na yau da kullum. Kotunanmu suna bin hukuncin da kotun sama ta yanke a baya, kuma ba a taɓa samun shari'a biyu iri ɗaya sak. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa mai sarrafa abin sha yana da alhakin kula da lafiyar wanda zai sha, a shari'ar wata mata da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo. In yau aka sami ƙazanta a ledar ruwa a Azare, aikin lauya shi ne ya nuna illar waccan shari'a tana nan a wannan, abokin karawarsa kuma ya nuna akwai bambancin da ya ɓata ƙiyasin. Malam ya zaunar da shi a hutun nan ya biya masa babin ƙiyasi. Zai koma makaranta ya fi 'yan ajinsu.

TAMBAYA: Malam, in manɗiƙi yana da ƙa'idoji tabbatattu, me ya sa alƙalan Kotun Ƙoli, da duk iliminsu, suke saɓa wa juna a shari'a ɗaya? (Ɗalibin ajin ƙarshe, Kumo)

AMSA: Ɗana, manɗiƙi kamar injin niƙa ne, abin da aka zuba masa shi yake niƙawa, ba ya zaɓar hatsi. Aikinsa ya tabbatar natija ta bi dalilai. Amma wane dalili za a zuba, me kalmar doka take nufi, wane shaida za a gaskata, waɗannan ba shi ke yanke su ba, kuma a nan alƙalai suke rabuwa.

Ɗauki zaɓen 1979. Doka ta ce mai nasara sai ya sami mafi yawan ƙuri'u, da kuma kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya sami abin da ake buƙata a jihohi 12, a Kano kuma ya sami kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, don haka biyu bisa uku na 19 sai a cike shi ya zama 13, Shagari bai kai ba. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a jiha ta 13 abin da ake nema kashi ɗaya cikin huɗu ne na biyu bisa ukun ƙuri'unta, wato ɗaya bisa shida, kuma abin da aka samu a Kano ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Ka duba da kyau, kowane ɓangare in ka karɓi mukaddimarsa natijarsa ta bi daidai. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Rigimar tana kan ko ana raba jiha ko ba a rabawa.

Haka aka sake yi a 2023 a kan sashe na 134(2), inda aka ce kashi ɗaya cikin huɗu a biyu bisa uku na jihohi "da" Babban Birnin Tarayya. Masu ƙara suka ce Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa. Kotun Ƙoli, ranar 26 ga Oktoba 2023, ta ce a lissafa Abuja tare da jihohi kamar ɗaya daga cikinsu, tana la'akari da sashe na 299. Abin da manɗiƙi ya yi a nan shi ne ya nuna ƙarara cewa jimlar tana ɗaukar karatu biyu, ya kuma nuna abin da kowane karatu zai haifar. Zaɓen ɗaya daga cikinsu aikin fassara ne, da duba sauran sassan kundin da manufar waɗanda suka rubuta shi.

Tunda kana ajin ƙarshe ga aiki. Nemo hukuncin 1979 a laburaren tsangayarku, ka karanta na masu rinjaye da na Mai Shari'a Eso, ka rubuta kowanne a layi uku: mukaddima babba, ƙarama, natija. Ka ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya da suka rabu a kanta, ka aiko mini ta adireshin mujalla. Wadda ta fi tsafta zan buga ta a wannan fili.